Bututun Da Ba Ya Kan Taswira

Ƙarfe biyu na rana aka buga wa Insifekta waya: an yi sata a bakin kogi, inda ake haƙa hanyar sabon bututun ruwa.

Aikin kuwa abin kallo ne, wallahi. Tsohon bututun da ke kai ruwa tsallake ya shekara hamsin kwance a gindin kogi, duk ya ruɓe. Maimakon a tare kogin, sai aka girke inji a wannan gaɓar yana tura ƙarfe ta ƙarƙashin ƙasa, ana karkata kansa yadda ake so har ya ɓullo can, sannan a jawo sabon bututu ta ramin.

Injiniya, shugabar aikin, ta tarye shi hankali a tashe.

"Me aka ɗauke?"

"Na'urar da ke nuna mana inda kan ƙarfen yake. Ba ita, mu makafi ne. In muka kwana a tsaye ramin zai rufta, ga tsohon bututun ba zai kai wata ba. Har asibiti akwai a tsallaken."

Insifekta ya leƙa ɗakin kaya. Ga kwamfuta, ga janareta, ba a taɓa ko ɗaya ba.

"Wannan ɓarawon ba kasuwa zai kai ba," in ji shi.

Maigadi ya hau rantse-rantse. "Yallaɓai, ko ƙifta ido ban yi ba."

"Shatin tabarmar da ke kumatunka fa?"

Ya sosa ƙeya. "To, da na farka dai na ga sawun ƙafa, ba takalmi. Ya shiga ruwa, bai fito ba."

"Wa ke iya wannan kogin?"

"Sai Baba Mai Nutso. Shekara talatin yana yi wa tsohon bututun faci."

Insifekta ya iske tsohon a ƙofar gidansa.

"Ɗana, rabona da ruwa tun da na yi ritaya."

"Ashe? To me ya sa kake karkata kai kana buga kunne? Miƙo hannunka, Baba."

Yatsun duk sun yamutse kamar na mai wanki. Tsohon ya nisa.

"Ni na ɗauka. Shekarar da ambaliya ta cinye gaɓar can, da hannunmu muka karkatar da bututun taku ashirin. Ba wanda ya sa a taswira. Daidai wurin ƙarfensu zai ɓullo. Sau uku ina gaya wa yarinyar nan, Injiniya, tana ce mini takarda ba ta ƙarya. In suka fasa shi yau, me masu haihuwa a asibiti za su sha?"

Ya kai Insifekta da Injiniya gaɓar can, ya nutsa sau ɗaya, ya fito da bokiti mai murfi. Na'urar na ciki, an naɗe ta da leda ninki uku, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba.

Injiniya ta sa aka kafa rodi inda ya nuna. Bugu na huɗu, sai ƙwal! tsohon bututun ya amsa. Ta kunna na'urar, ta duba. Saura taku shida kan ƙarfensu ya fasa bututun.

Ta cire hular kwanonta. "Baba, ka yafe mini."

"Ke ma kin iya aikinki, 'yata. Ni faci na sani, ke kuwa kin ratsa kogi ba ki jiƙa ƙafa ba."

Amma ƙara ta riga ta shiga rajista, dole a je ofis. Insifekta ya dubi ankwar da ke ƙugunsa, ya ji kunya ta kama shi. Ya buɗe wa Baba gidan gaba na motarsa.

Mota na tashi, Baba ya leƙo ta taga.

"'Yata, ki bi ta hagun bishiyar nan! Kuma wannan karon, don Allah, a sa a takarda."