Ɗaurin Malam Tanimu

Fitilar da ke goshin akwatin tana ƙiftawa a hankali, koriya shar, kowace ƙiftawa daidai da bugun zuciyar wata budurwa da ke can arewa, a Gonar Rana, tafiyar yini guda a jirgin ƙasa. Idan aka danna maɓallin gefe, wata murya mai sanyi takan ce: "Lafiya lau. Zafin jiki daidai. Ta ci abinci."

Sunan na'urar Kunnen Gida, kuma a shekarun nan da wuya ka shiga bene a Birnin Tudun Gilashi ba ka same ta ba. Wanda ya yi nisa da gida yakan sa wani siririn warwaro a hannu. Warwaron yana jin gudun jini da zafi da numfashi, ya aiko da labari ta iska zuwa akwatin da ke gida. Idan mai warwaron yana son magana da mutanensa, ta nan muryarsa take fitowa.

Wannan akwatin na Malam Tanimu ne, wanda ya ƙare ƙarfinsa wajen ɗaure tayoyin manyan motocin kaya kafin ya ajiye aiki. Budurwar kuwa Barira ce, 'yarsa ta fari, mai gyaran injinan da ke wanke madubin tara hasken rana. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba. Haka ya ga iyayensa sun yi da ɗan fari, haka ita ma Hajjo, uwar Barira, take yi. "Yarinyar nan" suke cewa. Ba ya iya ɗaukar waya ya tambaye ta ko ta kwana lafiya, ga shi kuma ba ya iya cin tuwo sai ya sani. Da Kunnen Gida ta fito, sai ya ga kamar don shi aka ƙera ta: zai ji komai ba tare da ya tambaya ba.

Ana sayar da haɗaɗɗiya, amma ya ƙi. Mutum-mutumi ne ke haɗa su a masana'anta, shi kuwa bai yarda da ɗaurin da ba hannun mutum ya yi ba. Ya je shagon Nomau, abokinsa tun suna yara, ya sayi kayan a warwatse.

Nomau ya miƙa masa uwar allo, faifan nan mai faɗi da kowane sashe na na'urar ke zama a kansa, wanda masu shago ke kira madabod. Ya riƙe shi ta gefe-gefe kamar faranti mai zafi.

"Tanimu, wannan fa ba tayar tirela ba ce," in ji Nomau. "Da yatsu biyu ake riƙe sukudireba. Da ka ji ƙusa ta zauna, ka ƙyale ta."

"Kai Nomau, yaushe ka san ɗauri? Kai da ko tazugen wandonka ba ka iya ɗaurewa ba."

"To, sarkin ɗauri. Na dai faɗa maka."

A gida Tanimu ya shimfiɗa tabarma, ya kwantar da akwatin, ya taɓa ƙarfen taga don wutar jikinsa ta fita, kamar yadda aka nuna masa. Ya fara da 'yan dugadugan tagulla, waɗanda ke ɗaga uwar allo don kada bayanta ya taɓi ƙarfen akwati wuta ta haɗu. Kowace ya sa ta daidai da raminta. Ya karkata allon, ya zura bakunan wayoyi ta tagar baya, ya sauke shi a hankali har ramuka suka hau kan dugadugan. Ya fara da ƙusar tsakiya, sannan na kusurwa, yana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. Aiki ne mai tsabta. Da ya kunna, fitila ta kama.

Matsalar daga ƙasa ta zo. Jiragen ƙarƙashin birni suna bi ta gindin benen, kuma duk wucewarsu kofuna sai sun yi rawa a kan kanta. Tanimu ya taɓa ganin abin da girgiza ke yi wa notin taya: ya ga taya ta bar mota a kan gudu, ya ga abin da aka kwashe daga baya. Dokarsa ɗaya ce a wurin aiki, a ɗaure sai ta tsaya, sannan a ƙara mata kaɗan. Saboda haka duk ranar da jirgi ya girgiza ɗakin, yakan buɗe akwatin, ya dunƙule hannu a kan sukudireba, ya ƙara wa kowace ƙusa kaɗan.

"Malam, ka bar abin nan ya huta," Hajjo takan ce.

"In ya kwance fa? Wa zai gaya mana?"

Uwar allo ba ƙarfe ba ce. Faifai ne da aka jera hawa-hawa, da hanyoyin tagulla a ciki waɗanda suka fi gashi siranta. Da zafi tana ɗan miƙewa, da sanyi ta koma, don haka tana bukatar a bar mata wurin motsi. Da bazara ta kama, allon Tanimu ya nemi miƙewa, ƙusoshi suka hana. Wata hanya guda ta tsinke kusa da ƙusar tsakiya, wadda ke kawo sabon labari daga warwaro. Babu ƙara, babu hayaƙi.

Masu ƙera na'urar sun daɗe da lura cewa iyaye suna firgita idan saƙo ya yanke, su cika ofisoshinsu da kuka. Sai suka tsara ta yadda idan ba ta sami sabon labari ba, za ta ci gaba da maimaita na ƙarshe har hanya ta dawo. Ba su yi tunanin hanyar da ba za ta dawo ba.

Azumi ya shigo. Wata rana bayan azahar Hajjo ta danna maɓallin.

"Lafiya lau. Zafin jiki daidai. Ta ci abinci."

Ta juyo. "Malam, rana tsaka fa. Ana azumi."

Tanimu ya kawar da kai. "Mata suna da uzurinsu."

"Kullum? Kuma yarinyar nan ta yi shiru da yawa."

"Ga fitila kina gani. Aiki ne ya yi mata yawa."

Hajjo ta dubi waya, shi ma ya dube ta. Babu wanda ya ɗauka.

Ana gobe Sallah, da hantsi, aka yi sallama a ƙofa. Barira ce. Ta rame, hannunta na dama yana rataye a wuya cikin farin ƙyalle, kuma ko ta cikin naɗin ana iya ganin yatsun ba su cika ba. Ta durƙusa ta gaishe su. Madubi ne ya ɓalle daga injin ya faɗo mata, ta ce, tun kafin a ga wata. A asibiti suka yanke warwaron.

A bayanta fitila tana ƙiftawa, koriya shar.

"Baba, na kira," ta ce, ba tare da ɗaga murya ba. "Kafin a cire warwaron na kira, na sake kira. Da aka fito da ni daga tiyata na yi ta duban ƙofa. Akwai waya a gefen gadon, amma na ce tunda kun gani kun yi shiru, kunya ce ta hana ku, kada in matsa muku."

Hajjo ta rufe fuska da gyale.

Barira ta matsa kusa da akwatin, ta zare murfin da hannun hagu, ta leƙa. Kan kowace ƙusa ya nutse cikin allon, gefensa ya yi fari. Ta ɗauki sukudireba ta gwada ta tsakiya. Ko motsi ba ta yi ba.

"Wa ya ɗaure wannan?"

"Ni ne."

"Ba zan iya kwance ta ba, Baba. Ko da hannu biyu."

Ya karɓa. Sai da ya sa ƙarfin kafaɗa ƙusar ta saki, da wata 'yar ƙara kamar an karya tsinke. Fitilar ta mutu. A ƙasa jirgi ya wuce, kofuna suka yi rawa.

Ya ajiye sukudireba, ya daɗe yana duban hannun da ke cikin ƙyalle.

"Barira," ya ce. Sunan ya fito masa da ƙyar. "Yana yi miki ciwo?"

Ta tagar da ke bayansa ana hango sauran benayen birnin, hawa bisa hawa, kuma a kusan kowane ɗaki akwai wata koriyar fitila tana ƙiftawa.