Fentin da Ruwa Ba Ya Zama a Kai

Da hantsi mai garejin goge motoci ya kai ƙara caji ofis. An sace masa kwalbar man sulke, mai tsadar nan da ake shafa wa fenti ya yi sheƙi, ruwa ba ya zama a kai. Ya rantse ƙanwar matarsa ce, mai riƙe da makullin sito, kuma yau zai kore ta.

Sufeto ta isa garejin da kofur ɗinta. Kwaɗon sito lafiyarsa lau.

"Wa kike bai wa makulli?" ta tambayi mai siton.

"Gwani kaɗai, ranki ya daɗe, in zai ɗauki soso." Idonta ya yi jawur, amma kanta a ɗage.

Gwani shi ne babban mai goge na garejin, yana tafe yana taƙama kamar shi ya ƙera motocin. Sufeto ta tambaye shi batun man.

"Ni? Rabona da man nan tun watan jiya," ya ce. "Haba Hajiya, giwa ta ɗauki kayan kiyashi?"

A kwandon shara Sufeto ta tsinci wani tsumma, sabo fil, amma ya ƙandare kamar busasshiyar fata. Mai garejin ya ce man sulke ne kaɗai ke yi wa tsumma haka. Ashe ba sayar da shi aka yi ba, shafawa aka yi.

Ta sa kofur ya ɗauki tiyo ya bi motocin layin da feshi. Kowace ta jiƙe sharkaf, sai wata tsohuwar jar mota a bayan shago. Ruwan ya dunƙule a kanta kamar duwatsun wuya, ya gangare.

"Ta wace ce?"

"Ta wan matata ce," in ji Gwani. "Ban san inda aka yi masa ba."

Sufeto ta zagaya motar a hankali. Aikin ba shi da makusa, ta kuma san haka. Ta taɓe baki.

"To, na yarda ba kai ba ne. Wannan aikin ɗan koyo ne. Dubi dabbare-dabbare."

"Ina dabbaren?" Jijiyar wuyan Gwani ta tashi. "Ɗan koyo? Sai da na wanke ta, na cire tsohon mai, na shafa a inuwa taki-taki. Duk garin nan wa ya isa ya..."

Sai ya farga, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Kofur ya ɗaura masa ankwa. Mai garejin ya miƙa wa ƙanwar matarsa makulli, ya kasa haɗa ido da ita.

"A gaban kowa ka ce mini ɓarauniya, Yaya," ta ce. "A gaban kowa za ka janye."

Ya janye. Sufeto ta gyara hularta.

A bakin ƙofa Gwani ya waiwayo. "Hajiya, tsakani da Allah, akwai dabbare?"

"Ko ɗaya," in ji Sufeto. "Shiga mota."