Dalmar Garanti

Ranar Talata ce, ƙarfe shida saura kwata na yamma, abin ya fara. Injiniya yana dawowa daga wani fili da ya je aunawa a bayan gari, shi kaɗai a cikin sabuwar motarsa mai jan ƙafa huɗu, wadda ba ta cika wata biyar a hannunsa ba. Tun da rana sitiyarin yake wani ɗan kuka duk lokacin da ya karya kwana. Da ya iso wani busasshen rafi mai duwatsu, sai ya tsaya, ya ɗaga bonet, ya kwance murfin ɗan tankin man sitiyari don ya ga ko man ya yi ƙasa. Man yana nan daidai layinsa, jawur, da ɗan ɗumi. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Ya juya wa motar baya yana magana da mai filin, kusan minti goma, murfin yana hannunsa. Da ya gama, ya yi bisimilla kamar yadda ya saba a kan komai, ya mayar da murfin, ya ɗaure tam.

Daga nan sitiyarin ya ƙi. Ya yi tauri kamar an zuba masa kankare, kuma jifa-jifa yakan fizge da kansa, kamar yana son komawa inda aka fito. Tafiyar minti arba'in sai da Injiniya ya yi awa biyu. Ya shiga gida a gajiye liƙis.

Washegari ya kai motar kamfanin da ya saye ta, da takardar garanti a cikin fayil. Manajan ya saurare shi yana juya biro.

"Yallaɓai, motocinmu ba sa haka," in ji shi. "Wani mai dai ka zuba mata a daji. Irinku masu shiga daji, in kun rasa man sitiyari ko man girki zubawa kuke yi."

"Ban zuba komai ba. Dubawa kawai na yi."

"To, mu kwashe man mu gani."

Injiniya ya ce a'a. Shi mutum ne mai aiki da shaida, kuma ya san in suka shiga da motar bayan gareji, babu mai hana su sauya man su ce nasa ne. Shi da bakinsa ya kawo shawarar: kada kowa ya taɓa murfin sai sifeton da babban ofis zai turo ya zo ya ɗebi man a gaban kowa. Aka kawo siririyar waya aka ɗaure murfin, aka matse bakinta da dalma mai lambar kamfani. Su biyun suka sa hannu a takarda cewa duk ɓangaren da dalmar ta karye a wajensa, shi ne da laifi. Motar za ta zauna a gidan Injiniya. Sifeto zai zo nan da kwana goma sha uku.

Gidan mutum uku ne a ciki, tunda manyan yaran suna makaranta a wani gari: Injiniya, da matarsa mai aikin gwajin jini a asibiti, da 'yarsu Auta mai shekara goma sha shida. Motar tana tsaye a ƙarƙashin rumfar kwano, daura da tagar kicin.

Da magaribar ranar, dutse na farko ya faɗo a kan rumfar. Maman Auta ta ɗauka yaran maƙwabta ne, ta fita ta leƙa layi. Babu kowa. Na biyu ya faɗo tana tsaye. Ta sunkuya ta ɗauka. Dutse ne sumul, irin wanda ruwa ya daɗe yana gogawa, ba irin na unguwarsu ba, kuma da zafinsa kamar an ciro shi daga murhu.

Haka aka ci gaba. Da rana gidan lafiya lau. Amma da zarar inuwar katanga ta haye tsakar gida, tsuntsaye suka yi shiru, sai duwatsun su fara, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Kullum safiya Injiniya yakan ta da injin na ɗan lokaci don kada batir ya mutu, kuma ranar da ya daɗe yana ta da shi, ranar duwatsun sun fi yawa. A rana ta huɗu Maman Auta tana wanke-wanke ta ji wani siririn kuka daga cikin motar, alhali makulli yana rataye a falo.

"Ƙarfe ne yake hucewa," in ji mijinta.

"Tun safe yake hucewa? Abban Auta, na haifi huɗu. Na san kukan ƙarfe, na san kukan yaro."

Ya koma kan fayil ɗinsa.

A rana ta shida aka nemi Auta aka rasa a ɗakinta. Uwar ta same ta durƙushe a gaban motar, cikin duhun da ya fara sauka, tana kartar bakin bonet da farcenta. Yatsunta duk jini. Idanunta a buɗe amma ba ta ganin kowa. Da aka janye ta, sai da uban ya sa dukan ƙarfinsa, yarinyar da ko buhun shinkafa ƙarami ba ta iya ɗagawa. Da gari ya waye ba ta tuna komai ba, sai tambaya take yi wane ne ya ji mata ciwo a hannu.

Uwar ta kai ta asibiti. Ita da kanta ta ɗebi jinin, ita ta gwada, ta sake gwadawa. Aka ɗauki hoton kai. Komai daidai. Amma kowace magariba Auta takan miƙe ta nufi rumfa, kuma ta daina cin abinci. Suka koma kulle ta a ɗaki, su zauna a bakin ƙofa suna jin yadda take kartar katako. Wuyanta ya zama kamar sillen kara.

A rana ta tara Maman Auta ta ɗauko wani malami da wata abokiyar aikinta ta yi mata kwatancensa. Dattijo ne siriri mai tabarau, ba shi da yawan magana. Ya tambayi abin da ya faru daki-daki, ranar da aka fara da lokacin. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Auta, uwar tana riƙe da kafaɗunta. Ya jira har rana ta faɗi. Dutse ya faɗo a kan rumfa. Sai ya fara karatu a hankali, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka.

An daɗe. Sannan kan yarinyar ya ɗago, bakinta ya buɗe, wata murya ta fito, ta mace babba, a dushe kamar ta wadda ta yi kwanaki tana kira.

"Ya isa, Malam. Ƙona ni kake yi, kuma ba ni ce mai laifi ba."

"Wace ce ke? Me ya haɗa ki da yarinyar nan?"

"Uwa ce ni, kamar wannan da ke riƙe da ni. Ba ruwana da yarinya. Hannu nake nema." Idanun suka juya kan Injiniya. "Ka tsaya a ƙofar gidanmu, ka buɗe tukunyarka ka bar ta. Ɗana ƙarami ne, bai taɓa ganin jan ruwa mai ɗumi ba. Ya shiga. Ina cewa ya fito, sai ka rufe."

"Ku da ba ƙofar da take tare ku," in ji Malam, "me ya hana ki buɗewa?"

"Da sunan Allah ya rufe. Abin da aka rufe da wannan sunan, ba ma iya buɗewa. Na ja motar don ta koma, ya fi ni taurin kai. Na yi jifa, ba wanda ya tambaye ni. Na ari hannun yarinya, hannun ya ƙi, don ni ce a ciki. Kuma kullum safe sai ya ta da wuta a kan ɗana."

Maman Auta ta dubi mijinta. Shi kuwa ya dubi motar. Ya durƙusa a gefen tabarmar, ya yi magana da muryar da yake yi wa manyan ofis.

"Baiwar Allah, ban sani ba. Ki yi haƙuri. Saura kwana huɗu sifeto ya zo, a gabansa za a buɗe. Ba zan ƙara ta da injin ba. Kwana huɗu kawai. In na karya dalmar nan yau, sun ci ni, za su ce ni na lalata motar, alhali ina da gaskiya."

Bakin Auta ya yi wata dariya marar daɗi.

"Kwana huɗu? To. Ka riƙe nawa kwana huɗu, in riƙe taka kwana huɗu. Amma nawa yana iya rayuwa ba abinci. Ka duba taka da kyau."

Ya duba. Ƙasusuwan wuyanta sun fito, leɓɓanta sun tsattsage, yatsunta a naɗe da bandeji da ya rine.

"Ke ma ba ki da hurumin zama a jikin da bai yi miki komai ba," in ji Malam. "In an buɗe, za ki fita?"

"Zan fita. Amma ku ba ni hannunta na dama, diyyar kwanakin da ɗana ya yi a kulle."

"Ko farce ɗaya ba za a ba ki ba. Kuskure aka yi, ba mugunta ba. In kin ƙi, in ci gaba da karatun, ki ƙone, ɗanki yana ji daga ciki."

Can wani gida ana soya albasa, ƙamshin ya biyo iska ya wuce.

"Na yarda," in ji muryar. "Amma wanda ya rufe shi zai buɗe. Ba kai ba, ba ita ba. Kuma kada motar nan ta ƙara bi ta ƙofarmu."

Malam ya sa ta rantse, ta rantse sau uku. Injiniya yana durƙushe bai motsa ba. Leɓɓansa suna motsi kamar mai lissafin kwanaki. Maman Auta ta jingina 'yarta da kafaɗar Malam, ta tashi ta shiga kicin, ta buɗe durowar da ake ajiye kayan gyara. Ta dawo da filaya ta sa masa a hannu, ta naɗe yatsunsa a kanta da nata yatsun.

"Abban Auta, gaskiyarka ba za ta kira ka Abba ba. Tashi."

Ya tashi, ita kuma ta koma ta riƙe 'yarta. Ya ɗaga bonet. A cikin ɗan hasken da ya rage, dalmar tana lilo a bakin wayarta da lambar kamfani a jiki. Ya sa filayar, ya rufe ido, ya datse. Ya yi bisimilla, ya kwance murfin.

Ba a ga komai ba. Man ya ɗan motsa, kamar an hura shi. Wata iska mai ɗumi ta wuce ta gefen fuskarsa. A kan tabarma muryar ta kira wani suna da ba wanda ya iya riƙewa, da taushi, sannan Auta ta yi atishawa sau biyu ta sulale a jikin uwarta. Da ta buɗe ido ta ce, "Mama, yunwa nake ji."

Tun daga ranar dutse bai sake faɗowa a kan rumfar ba.

Sifeton ya zo ranar da aka sa. Ya dubi wayar da aka datse, ya dubi takardar da Injiniya ya sa wa hannu, ya ƙi ɗiban man. Ya rubuta layi biyu, manajan ya buga hatimi, garanti ya faɗi. Wani makanike na bakin hanya ya kwance famfon sitiyarin ya tarar da tsaga a jikinsa tun daga masana'anta, ya sauya shi, Injiniya ya biya. Auta ta koma makaranta bayan mako biyu. Farcenta guda bakwai sun sake tsirowa, uku ba su tsiro ba.