Ƙofar da Baba Ya Manta

"Anya Baba zai iya zubin tagulla kuma?"

Haka wata amarya ta ji mijinta yana tambayar wansa game da mahaifinsu, a wani gari, can da daɗewa. Suka ce in zubi na gaba ya lalace, za su karɓe zugazugin, tsoho ya huta.

Shi kuwa Baba kwabon ado na tagulla yake yi. Ya zana kifi a jikin kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya tafi masallaci. Amarya ta zo shara, ta duba, ta sake dubawa. Ashe Baba bai bar ƙofar da kaki zai fita tagulla ta shiga ba.

Ta buɗe baki za ta kira mijinta, sai ta fasa. Ta samo tsinke, ta huda yumɓun tun yana ɗanye.

Ranar zubi aka fasa yumɓu, sai ga kifi har da ƙayoyinsa. Tsoho ya tashi yana rawa.

"Ina masu cewa na tsufa? 'Yata, zo ki gani."

"Ya yi kyau, Baba," in ji ta, kai a sunkuye. A ranta kuwa ta ƙudura ba mai ji daga bakinta, ko mijinta.