Gishirin Leland Vacek

Ranar da Noreen Vacek ta fara ganin Ruben Olvera, yana tsaye ne a bayan igiyar rumfarsu da hularsa a hannu, yana neman aron takardar naɗe nama. Gasar gashin nama ce ta ƙarshen rani a filin baje kolin Pecan Ford, rumfuna a jere, hayaƙi ya kwanta a kan motoci. Bai tsallake igiyar ba. A gasa ba a shiga rumfar wani sai an kira ka, wanda kuwa ya shiga ana haɗa yaji, sunan mai leƙen asiri zai bi shi duk Texas.

Ta miƙa masa takardar. Da yamma ya dawo da yanka biyu na ƙirjin saniya a faranti, ladan aro. Ta ci ɗaya, ta ce ya yi gaggawar sauke shi daga wuta. Ya ce ya sani, tsoro ne ya kama shi. Ta tambaye shi na nawa ya zo.

"Na sha huɗu."

"Cikin mutum nawa?"

"Wannan kuma tonon asiri ne."

Da sunan Na-sha-huɗu ta ajiye lambarsa a waya.

Mai walda ne, murhunsa ma da kansa ya ƙera shi daga tsohon tankin gas. Ita kuwa 'yar Leland Vacek ce, mutumin da kofunan gasa suka cika masa gareji, wanda fariyarsa ita ce bai taɓa auna yaji da cokali ba, harshensa ne ma'auni. Shekarar da ta wuce aka yi masa maganin ciwon dajin maƙogwaro. Ya warke, amma ɗanɗano bai dawo ba. Daga shi sai Noreen da mahaifiyarta suka sani.

Sun sami dabara. Leland zai jefa nama a baki, ya tauna yana kallon sama yadda ya saba. Noreen za ta ɗauki guntu a bayansa kamar mai kwaɗayi. Idan ta taɓa kunnen hagu, a ƙara gishiri. Idan ta ajiye wuƙa, ya yi. Da haka suka ci kofi biyu, ba wanda ya ce uffan.

Saƙonnin Ruben sukan same ta a asibitin dabbobi inda take aiki.

"Sarauniyar hayaƙi, rigata har yau tana ƙamshin itacen ranar nan. Na ƙi wankewa."

"Ƙazanta ce wannan, Na-sha-huɗu, ba soyayya ba."

"Asabar akwai rawa a zauren coci. Zan wanke idan za ki zo."

Ta je. Bai iya rawa ba, ya tattake mata ƙafa, ya ba ta haƙuri har ta gaji da ji. Kafin sanyi ya wuce ya yi mata maganar aure a cikin shagonsa, hannunsa duk baƙin mai, ita kuma ta ce sai ya fara ganin Baba.

Leland bai ba shi kujera ba. Ya ce ya san irin samarin da ke biyo 'yar zakara, yaji suke nema, ba mata ba. Ya ce ga Clay Dobbins nan, mutum mai abin yi. Clay dillalin motoci ne, ɗan rumfarsu, ya daɗe yana zagaya Noreen, kuma duk abin da Leland ya faɗa amsarsa ɗaya ce, "Haka yake, Maigida." Noreen ta san abin da ya sa mahaifinta ke son shi. Idan ta auri Clay tana nan a rumfa, Clay kuwa zai tsufa a gefenta bai lura da kunne ba.

Ruben ya lura. Saƙon ya shigo tana riƙe da ƙafar wani kare ana yi masa allura.

"Zan tambaye ki wani abu, kar ki ji haushi. Duk sanda kika taɓa kunne, Baba yana ƙara gishiri. Ba ya jin ɗanɗano, ko?"

Sai da ta wanke hannu sau biyu kafin ta iya riƙe wayar. Ta tuna yadda yake tsayawa a bayan igiya, shiru, idonsa a cikin rumfa. Ta tuna maganar Baba.

"Ashe abin da kake kallo ke nan."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya sake rubutowa.

"Ke nake kallo, Noreen. Kunnen a jikinki yake."

Ta kashe wayar, ta koma aiki.

A makon ne Clay ya kawo wa Leland labari. Ya ce kazar da Ruben ya ci na uku da ita a gasar da ta wuce, ya ɗanɗana, yajin gidan Vacek ne sak. Ana cin abincin rana ranar Lahadi Leland ya tambayi Noreen ko ita ta ba shi. Ta ce ba ta ba kowa komai ba. Ya ce to a mafarki yaron ya samu ke nan.

"Ka ɗanɗana kazar ne, Baba?"

Mahaifiyarta ta ajiye cokali. Noreen ta so ta mayar da maganar, amma ta riga ta fita. Leland ya goge baki, ya ce tun ba a haife ta ba yake gashi, babbar gasar da ke tafe kuma ba ya bukatar ta. Shi da Clay sun isa.

Ta zo duk da haka. Ranar gasar ta tsaya a bayan igiyar rumfarsu kamar baƙuwa, rana tana dukan ƙeyarta. Abin da ta fara gani a kan tebur shi ne kwalin gishiri, ya yi ƙasa fiye da yadda ya kamata. Ba sai an gaya mata ba. Baba ya haɗa yajin shi kaɗai, ya lasa bai ji komai ba, ya ƙara, ya sake lasa, ya sake ƙarawa.

Lasifika ta sanar da cewa an kusa buɗe ƙofar alƙalai don karɓar naman ƙirji. Leland ya kwance naman. A ido ba shi da aibu. Ɓawon yajin da ke kansa ya yi baƙi ƙirin yadda ake so, yankan farko ya lanƙwasa a kan yatsansa bai tsinke ba. Wuta bai manta ta ba. Ya jefa guntu a baki, ya tauna, ya kalli sama. Sannan idonsa ya gangaro gefen da Noreen ta saba tsayawa, babu kowa. Ya miƙa wa Clay.

"Kofi ya zo gida, Maigida," in ji Clay. Ya juya kamar zai gyara ƙanƙara, ya tofar a takarda, ya kafa kai a kwalbar ruwa.

Maƙwabtan rumfa sun fara taruwa a bakin igiya. Al'adar Leland ce, da ya cika farin kwalin alƙalai sai ya raba musu gutsattsarin. Alƙalai ba su san na wa suke ci ba, lamba kawai suke gani. Waɗannan kuwa sun san shi tun yana saurayi, kuma kowannensu harshe ne da shi. Loma ɗaya ta ishe su. Idan Noreen ta yi magana, ta tona shi da bakinta. Idan ta yi shiru, naman zai tona shi.

A lokacin Ruben ya biyo ta layin, rungume da nasa kwalin, yana sauri. Ya gan ta, ya kawar da kai. Leland ma ya gan shi.

"Kai, mai walda. Zo ka ji na asali, ka huta da na sata."

Aka yi dariya. Leland ya miƙo guntu a bakin wuƙa ta saman igiya. Ruben ya karɓa, ya tauna. Noreen ta ga maƙogwaronsa ya motsa da ƙyar. Ta riƙe igiyar. Kalma ɗaya a nan, gaban mutanen nan, ya rama duk abin da aka yi masa.

Ruben ya haɗiye. Ya ce ya hango tsaga a ƙofar murhun, idan Yallabai ya yarda zai shigo ya nuna masa kafin ta cinye masa wuta. Leland ya yi tsaki, amma murhu murhu ne, ya ɗaga igiyar. Suka zaga baya inda itace yake. Noreen ta bi ta jikin tirelar kayansu har inda take jin su.

"Babu tsaga, Yallabai. Gishiri ya yi yawa. Ba kaɗan ba. Kar ka ba kowa."

Leland ya juyo ya dube shi.

"Ita ta gaya maka."

"Ba ta gaya min komai ba. Daina kula ni ma ta yi don na gani."

"Wa ka faɗa wa?"

"Kai."

Leland ya ce ai Clay ya ci, ya ce ya yi. Ruben ya ce masa ya leƙa ya ga Clay. Leland ya leƙa. Clay yana buɗe kwalba ta biyu.

Ruben ya ce shi doka ta hana shi taɓa naman wata rumfa, ko wuƙa ya ɗauka za a kori su duka. Mutum ɗaya ne zai iya gyarawa, tana can tsaye a rana. Ya gyara riƙon kwalinsa, ya tsallake igiya, ya nufi zauren alƙalai da gudu-gudu.

Leland ya fito. Bai kalli taron ba.

"Noreen. Wuƙa."

Ta shiga. Ta zaɓi yankan tsakiya inda naman ya fi kauri, ta shiga fere ɓawon siriri-siriri, tana jin kamar fatarta take cirewa, don a wannan ɓawon rabin makin yake. Leland ya ɗumama romo marar gishiri, ta tsoma yankan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗanɗana, ta sa ya narka man shanu a ciki, ta sake tsomawa. Wani daga bakin igiya ya tambayi ina rabonsu, Leland ya ce yau babu. Lasifika ta yi kira na ƙarshe. Ta ɗanɗana, ta ajiye wuƙa. Ya rufe kwalin, ya danƙa mata, ta ruga.

Ana jan ƙofa ta miƙa shi. Da ta juyo Ruben yana jingine da bango, hannu a aljihu. Numfashinta bai dawo ba tukuna. Ta ce masa ta zarge shi da abin da bai yi ba.

"Na ji zafi," ya ce. "Har na wanke rigar."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta kifa goshi a kafaɗarsa.

Da yamma aka kira lambobin tikiti a dandamali. Ruben ya zo na shida a ƙirji. Ba a kira lambar Vacek ba ko sau ɗaya, abin da ya daɗe bai faru ba. Leland ya tafa wa kowa. A hanyar komawa rumfa Clay ya ɗaga murya ya ce alƙalan bana ba su da harshe.

"Ni ne ba ni da shi, Clay," in ji Leland, a gaban duk wanda ke wurin. "Tun daga asibiti. Kai kana da shi, ka ƙi amfani da shi."

Noreen ta jira dariya. Ba a yi ba. Wani tsoho da ya daɗe yana hamayya da Leland ya ce ƙanensa ma haka ya yi, ya miƙa wa Leland kujera, ya tambaye shi wane itace ya ƙona yau, don duk filin babu hayaƙi mai tsabta kamar nasa. Suka zauna suna gardamar itace. Clay ya kwashe kayansa ba sallama.

Sai da suka gama ɗaure tirela Leland ya kira Ruben. Ya ce kazar nan da ake magana, yajin wa ye. Ruben ya ce na kakarsa ne, idan yana so zai rubuta masa. Leland ya ce ya riƙe abinsa, ba a ba da yaji haka kawai, wannan ma wani abu ne da zai koya. Ya ce ya zo gida Lahadi, ya sa riga mai kyau, mahaifiyar yarinyar tana da tambayoyi.

A kaka aka ɗaura auren a ƙaramin cocin Pecan Ford. Rabin 'yan gasa sun zo da murahunsu, suka jera a bayan zaure, kowa yana kushe na ɗan'uwansa yana cika faranti da shi. Leland ya riƙe wutar babban murhu tun safe, da kwat a jikinsa. Yajin kuwa amarya da ango suka haɗa, sun yi musu a kan barkono har mahaifiyarta ta raba su.

Da aka ce uban amarya ya sa albarka, ya miƙe yana goge hannu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari," ya ce. "Ranar da ɗayanku ya zuba da yawa, ɗayan ya ja shi gefe ya gaya masa. A hankali, amma ya gaya masa."

Zauren ya amsa da amin. Makaɗa suka fara, Ruben ya miƙo hannu, Noreen ta janye ƙafarta kaɗan, sannan ta kama.