Fosta Talatin da Bakwai a Bangon Baba Direba

Na rantse da Wanda ya halicce ni ba za ku yarda da wannan labarin ba, amma bangon yana nan, mai shakka ya je ya shafa da hannunsa.

A gidan Baba Direba, tun da aka sa ranar zaɓen shugaban ƙasa, shayin safe ma ya rabu gida biyu. Baba Direba, wanda ya shekara talatin yana jan bas bai taɓa makara ba, ɗan jam'iyyar Agogo ne. Matarsa Umma Nas, wadda ta yi ritaya daga ɗakin haihuwa amma ba ta yi ritaya daga ba da umarni ba, 'yar jam'iyyar Tsani ce. Shi ya ce ɗan takararsa zai sa komai ya riƙa zuwa a kan lokaci, albashi da wuta da ruwan famfo. Ita ta ce agogo ba inda yake zuwa, zagaye yake yi ya dawo inda ya baro. Shi kuma ya ce wanda ya riga hawa tsani ai shi ke ture shi da ƙafa. A tsakiyarsu 'yarsu Auta ke zama, ta zuba wa wannan sukari, ta miƙa wa waccan burodi.

Saurayin Auta kuwa, unguwa na kiransa Ɗan Gam, shi yana kiran kansa Injiniya. A aji huɗu na sakandare ya bar makaranta, wai don malamai sun ƙarar da abin da za su koya masa. Sana'arsa liƙa fosta: bokitin gam, buroshi, da baki mai zaƙi. Baba Direba ya hana shi tsayuwa a ƙofar gidan, ya ce sai ranar da ya ga takardar gama makaranta, ko sana'ar da ruwan sama ba ya wankewa.

Sai ga shi wata safiya Baban da kansa ya aika a kira shi. Fostar ɗan takarar Agogo yake so a liƙa masa a bangon waje, can sama inda yara ba za su yaga ba. Ya kuma gargaɗe shi kada ya kuskura ya kawo masa tsani ƙofar gida, alamar abokan gaba ce. Ɗan Gam ya gangaro da wani tsohon durom ya hau. Yana ɗaga kai, sai ga tagar ɗakin ɗinkin Auta daidai hancinsa, ita kuma tana ciki tana taka keke.

Aikin minti uku ya ci minti arba'in.

A hanyarsa ta komawa wata dabara ta faɗo masa, har ya tsaya ya yaba wa kansa. Da ma ofisoshin jam'iyyun biyu duk yana yi musu liƙi, fosta kuwa fal a ɗakinsa. Da rana, lokacin da Baba ke tafiya hira wajen tsofaffin direbobi, Umma kuma tana barcinta, ya dawo da durom ya liƙa fostar Tsani a kan ta Agogo. Washegari ya zo da sassafe yana salati, yana nuna bango.

Baba ya fito, ya ga fuskar abokin gaba tana masa murmushi a bangonsa na kansa. Nan take ya ba Ɗan Gam izinin zuwa kullum ya gyara ɓarna, ya kuma naɗa shi mai farautar wanda ke wannan aika-aika.

To haka abin ya ɗore. Safe Agogo, rana Tsani, kowane zuwa da hirarsa ta taga. Auta ba ta ganin abin da ake liƙawa ƙarƙashin tagarta, ta ɗauka duk aikin Baba ne. Shi kuwa Ɗan Gam, saboda son a san da shi ko bayan ransa, kafin ya shafa gam sai ya juya bayan kowace fosta ya rubuta abin da ya faru ranar, wai tarihi yake ajiyewa a bango.

Baba ya matsa masa da tambaya: shin har yau bai ga ɓarawon bangon ba? Da ya ce bai gani ba, da an wuce wurin. Amma Ɗan Gam ba ya iya cewa bai gani ba. Ya ce ai saura ƙiris ya cafke shi jiya, ya bi shi layi uku, wani ƙato ne mai tumbi da sanƙo, yana ɗan ɗingishi. Duk a take ya ƙirƙiro mutumin, bai tuna cewa yayan Umma Nas, Kawu Mai Kanti, tumbi gare shi, da sanƙo, da ciwon gwiwa ba.

Ranar gidan bai ga zaman lafiya ba. Baba ya ce Umma ce ta haɗa baki da yayanta ana ci masa mutunci a bangon da ya gina da guminsa. Umma ta rantse ba ta sani ba, ta ce yayanta da ko kujera ba ya iya hawa ina shi ina bango. Baba ya ce yana da shaida. Shekara ashirin da bakwai suna musu, amma bai taɓa ce mata maƙaryaciya ba sai ranar. Aka daina shan shayi tare. Auta ta riƙa kai wa kowa nasa ɗaki, ta dawo ta kifa kai a kan keke tana hawaye.

Ita tela ce, idonta ba ya wuce launi. Ta lura da safe yatsun Ɗan Gam shuɗi suke, launin Agogo, da rana kuma ruwan ɗorawa, launin Tsani. Da ya sake leƙo taga, sai ta tsayar da keken.

"Injiniya, miƙo hannunka in gani."

Ya fara dariya, ya ce ai sifirais ne ya shirya mata, duk don ita ya yi, wane saurayi ne a duniya ya taɓa juya jam'iyya biyu da buroshi ɗaya?

"Umma ta haɗa akwatinta," in ji Auta. "Ni ba zan tona ka ba, don ina sonka. Amma in ta fita gidan nan saboda ƙaryarka, ko digiri goma ka kawo ba zan aure ka ba. Ka faɗa da bakinka."

Ta ja tagar ta rufe.

Kwana uku Ɗan Gam yana zuwa da niyyar faɗa, da ya ga gashin bakin Baba sai ya ɓuge da gaisuwa.

Ranar muhawarar 'yan takara aka wuni ana ruwa, sai da yamma ya ɗauke. Baba ya sa aka fito da talabijin ƙofar gida da doguwar waya, don maƙwabta su ga yadda Agogo zai yi kaca-kaca da Tsani. Ya kafa kujerarsa a gindin bango, ƙarƙashin fostar gwaninsa, wadda yanzu ta yi kauri kamar katifa. Umma ta fito da mayafi da akwati, ta zauna can gefe. Ta ce za ta ga ƙarshen muhawara, daga nan sai gidan yayanta. Auta na tsaye a bakin ƙofa, idanu jajur. Ɗan Gam ya raɓe bayan durom ɗinsa.

A talabijin ɗan takarar Agogo ya ce zai gyara ƙasa cikin kwana ɗari. Na Tsani ya tambaye shi me ya hana shi gyara titin ƙofar gidansa cikin shekara takwas. Umma ta yi guntun tsaki na jin daɗi. Baba ya miƙe tsaye, ya nuna ta da yatsa, ya buɗe baki zai faɗi maganar da ba ta komawa ciki.

Sai bango ya riga shi.

Katifar fostar nan da ta sha ruwa ta saki gaba ɗaya, ta faɗo masa a ka — tim! Baba ya ɓace. Ƙafafunsa kawai ake gani suna harbin iska. Umma Nas, da ta rantse ba ta ƙara taɓa ko kofinsa, ita ta fara isa. Ta yar da akwati, ta janye shi, ta duba idonsa, ta kama wuyan hannunsa tana ƙirga bugu, tana kiransa da wani suna da Auta ba ta taɓa ji ba.

Ba abin da ya same shi sai gam a gashin baki. Yana zaune a ƙasa idonsa ya faɗa kan rubutu a bayan fostar farko. Ya karanta a fili: yau ta yi min murmushi sau biyu. Ya ɓare ta, takardun sun jiƙe suna rabuwa da sauƙi. Ta ƙasanta ta Tsani ce, rubutun kuwa hannu ɗaya: yau ta ce wuyan rigata ya karkace, za ta gyara min. Ta gaba Agogo: yau na sa ta dariya har allura ta soke ta. Maƙwabta suka bar 'yan takara suna ta zuba, suka kewaye Baba.

Babu suna a jiki. Ɗan Gam ya auna layin da ke bayansa, ya san ko mashin ba zai kamo shi ba. Sai ya dubi ƙofa. Auta na tsaye, ta kafa masa ido.

Ya fito daga bayan durom, ya durƙusa.

"Baba, ni ne. Agogon ni ne, Tsanin ni ne, ƙaton mai tumbin ma ni na ƙera shi. Umma ba ta san komai ba. Kawu ko layin nan bai tako ba."

Baba ya ɗaga kai ya dubi talabijin. An gama muhawara, ga 'yan takaran nan biyu sun rungume juna, ɗaya na raɗa wa ɗaya magana a kunne suna ƙyalƙyala dariya. Baba ya daɗe yana kallonsu, sannan ya dubi akwatin da ke kwance cikin taɓo. Ya je ya ɗauko shi da kansa, ya goge da hannun rigarsa, ya ce wa Umma ta yafe masa, a gaban kowa. Ta ce sai ta yi shawara, amma ta karɓi akwatin ta miƙa wa Auta ta ce a kai ciki.

Daga nan aka zauna shari'ar Ɗan Gam, kuma a karon farko cikin shekara ashirin da bakwai Agogo da Tsani suka kaɗa ƙuri'a wuri ɗaya. Zai je kantin Kawu ya ba shi haƙuri a gaban masu sayayya. Zai kankare bangon tas ya yi masa fenti, launin da ba na kowace jam'iyya ba. Zai koma ajin manya ya ƙarasa abin da ya bari, don Umma ta ce rubutun nan nasa ko likita ba zai iya karantawa ba. In ya cika ukun, ya turo manyansa.

"Da ka gudu," Baba ya ce, "da ka gudu ke nan. Tsayawar da ka yi ita ta cece ka."

Darasin a fili yake, 'yan'uwa: zaɓe na kwana ɗaya ne, gida na kullum. Kada ka rusa naka saboda mutanen da za su rungumi juna bayan an kashe kyamara. Kuma soyayyar da aka liƙa da ƙarya, ruwan farko ke ɓare ta. Haƙurin Auta da gaskiyar minti ɗaya sun yi abin da fosta talatin da bakwai suka kasa.

Washegari Ɗan Gam ya zo da abin kankara, ya hau durom yana murna, don ko ba komai ga taga. Sai ya tarar da Baba Direba zaune a bayan tagar da kofin shayi, Umma Nas a gefensa, an mayar da keken ɗinki tsakar gida.

"Injiniya," in ji Baba, yana duba agogon hannunsa, "ka makara da minti huɗu. Fara daga sama."