Shinkafar Mama Esta

"Tsaya! Kowa ya fito!"

Hantsin Lahadi ne, a 1998, tsakanin Tsafe da 'Yandoto. 'Yan fashi uku sun gitta icce a titi: Tambaya ogansu da bindiga, Kamilu direba, da Sahabi da adda.

Wata tsohuwar a-kori-kura ta taho tana tari. Ba ta tsaya ba sai da ta hau iccen. Baba Elisha ne, dattijon coci a Tsafe, da matarsa Mama Esta. Bungudu za su, bikin godiyar kaka, da tukunyar shinkafa a baya.

"Makulli, tsoho!"

"Ga shi, ɗana. Amma sai an tura ta."

Mama Esta ta dubi Sahabi. "Yaron nan bai karya ba. Ku sauke tukunyar." Ta cika kwano. "An rubuta, in maƙiyinka yana jin yunwa, ka ba shi abinci."

Tambaya ya ja baya. Ya daɗe yana fashi. An zage shi, an tsine masa. Ba a taɓa zuba masa shinkafa ba.

"Asiri ne! Layuna suke so su karya. Sahabi, ɗanɗana!"

Sahabi ya kai loma. Ya ƙara. Ya zauna.

"Tashi, ɗan iska!"

"Oga, aradu har da kaza!"

"Shi ke nan, sun kama shi," in ji Tambaya.

Ihu ya taso daga gonaki. Manoma ne, da sanduna. Tambaya ya san mutane ba su bin na gaba in sun sami na ƙasa. Ya saita ƙafar Sahabi, tau!

"Mu ware! Tsoho, tura!"

Baba Elisha ya tura. Motar ta tashi. Ya bi su da gudu. "Birki! Sai an yi ta bugawa yake kamawa!"

"Toshe kunnenka, Kamilu! Tsafi yake karantawa!"

A shingen shiga Gusau, Saja Ɗahiru na 'yan sanda yana shan rake, ya ji labari ta oba-oba. Ya dubi motarsu, ba mai.

"Da me za mu bi su? Da jaki?"

Sai ga a-kori-kura, Kamilu na taka birki da ƙafa biyu. Ta kwashe gangunan shinge, ta daki kwalbati, rim! Saja bai ma aje rakensa ba.

A can 'Yandoto kuwa an kewaye Sahabi. An kawo taya. An kawo galan na fetur. Ƙona shi za a yi.

Baba Elisha ya dawo yana haki. Ya ratsa taron, ya zauna daram a cikin tayar.

"Haba Baba!" in ji Malam Mas'udu, babban manoman. "Motarka fa suka ɗauke!"

"Tawa ce, Malam, kuma na yafe. Annabin da na ci sunansa, rundunar maƙiya ta faɗo hannunsa. Sarki ya ce, in kashe su? Ya ce, a'a, ka ba su abinci da ruwa su koma gida."

"Wannan ai ya riga ya ci!"

"Ku ne ba ku ci ba," in ji Mama Esta. Ta ɗaure ƙafar Sahabi da ɗankwalinta, ta buɗe tukunya.

Ƙamshi ya tashi. Mai galan ya tuna kwanan da ya yi a layin mai, ya rungume abinsa ya zame. Malam Mas'udu ya yi bisimilla. Da 'yan sanda suka iso a motar haya, sun tarar da ɗan fashi da masu ƙona shi a kwano ɗaya, tsoho yana cikin taya.

Kamilu bai tashi daga kwalbatin ba. Sahabi ya rasa ƙafa, ya tsira da rai. Motar ta tafi bola. Sahabi da Tambaya aka ɗaure su ɗaki ɗaya.

Duk wata tsofaffin nan suna hawa motar haya su kai musu shinkafa, kwano biyu. Tambaya bai taɓa ci ba. Yakan tura nasa gefe, ya ce, "Ɗanɗana."

Sahabi yana ta ƙiba.